Damisa a Rumfar Katako

Mai wanki ne ya fara kawo ƙorafi. Shagonsa na jingine da katangar wurin aikin Kafinta, can ƙarshen layi, inda kwalta ta ƙare, ciyawa da tudun duwatsu suka fara. Ya leƙo da safe, da dutsen guga a hannu.

"Baba Kafinta, wai kai ba ka barci ne? Gari bai waye ba ka kama goga zarto. Ko wani attajiri ne ya ba ka aikin gaggawa kake ɓoye mana?"

Kafinta ya ɗago daga tebur ɗin da yake gogewa. "Ni? Da wannan bayan nawa? Sai na sha shayi uwar yara ke iya tashina."

"To wallahi da kunnena na ji. Gurr-gurr, gurr-gurr, a tsaya, a sake."

"Munsharinka ne ya tashe ka."

Suka yi dariya, kowa ya koma aikinsa. Amma abin ya ɗan tsaya wa Kafinta a rai, don a kwanakin nan ne karensa Guduma ya ɓace. Karen ya tsufa, haushi ma sai ya ga dama yake yi, amma bai taɓa wuce bakin ƙofa ba. Kafinta ya ɗauka ɓarayin katako ne suka ba shi guba. Ya duba kwaɗo, ya duba kaya, bai ga an taɓa komai ba.

Wurin aikin kashi biyu ne. A gaba akwai rumfar da yake aiki, tana kallon titi. A baya akwai doguwar rumfar ajiya mai rufin kwano, inda aka jera katako bene-bene don ya bushe, ba taga, sai hasken da ke shigowa ta tsakanin katanga da rufi. A kusurwarta ya kewaye wani ɗan ɗaki da siririn katako irin na bayan kabad, nan yake kulle fenti da gam da kayan aiki masu tsada. A ɗaya ƙarshen kuma akwai ƙaramar ƙofa da ke fita lungu. Ta nan matarsa ke shigo masa da abincin rana kullum, don gidansu na bayan lungun.

Ranar da abin ya faru shi kaɗai ne. Abokin aikinsa ya tafi kafa ƙofofi a wani sabon gini. Rana ta kusa tsaka ya shiga rumfar baya neman busasshen maɗaci na ƙafafun tebur. Da shigarsa ya ji wari, irin na mushen ɓera, amma ya fi nauyi, da wani zarni a ƙarƙashinsa. Ya yi tsaki, ya wuce ciki har kusa da ɗan ɗakin, ya sunkuya yana jan katako.

Wani abu ya ɗigo masa a bayan hannu. Ya shafa, ya ji danƙo. Ya ɗaga kai.

A saman giciyen da ke riƙe da kwano, inda ko shi sai da tsani yake kaiwa, ga Guduma a rataye, kai a gefe guda, ƙafafu a ɗaya gefen. Rabin cinyarsa babu. Ƙudaje sun yi masa baƙi.

Kafinta ya tsaya baki buɗe. Abin da ya fara zo masa shi ne, wane mugun mutum ne zai hau da kare can? Sai ya ga wani abu kamar igiya mai kauri yana reto daga saman tarin katakon da ke tsakaninsa da hanyar da ya shigo. Igiyar rawaya ce mai ɗigon baƙi, ƙarshenta ya lanƙwashe, ƙasansa fari. Ta motsa.

Ya bi ta da ido har sama. Damisa ce kwance a kan katako, ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta na gaba, tana kallonsa. Da alama tun shigowarsa take kallonsa, kuma ta ƙarƙashinta ya wuce.

Ya so ya yi salati, harshen ya ƙi. Ya ji katakon da ke hannunsa yana zamewa, ya riƙe shi gam don kada ya faɗi ya yi ƙara. Damisar ta ɗaga kai a hankali, leɓenta na sama ya tattare, wani gurnani ya fito daga cikinta, ƙasa-ƙasa, har Kafinta ya ji shi a cikin haƙoransa.

Bayansa ya taɓa ƙofar ɗan ɗakin. Allah Ya so, da safe ya ɗauki gam bai mayar da kwaɗo ba. Ya tura da diddige, ya ja jiki ciki, ya rufe, ya danna sakata. Sannan ya dubi sakatar. Shi ya kafa ta da ƙananan ƙusoshi huɗu. Shi ya yanka katakon bangon, ya san da gwiwar hannu ma ana iya fasa shi. A ƙasan ƙofar kuma akwai rata da ta kai faɗin tafin hannu, ya bar ta ne saboda ruwan da ke kwararowa da damina.

Ya zaro wayarsa. Sai da ya yi ta kuskuren lamba kafin yatsansa ya samu ta Auta, ƙaramar 'yarsa, wadda ke aikin likitan dabbobi a hukumar kula da namun daji.

"Baba, ina wuni? Ina cikin taro, in kira ka an jima?"

"Auta." Muryarsa ta fito kamar ta wani. "Damisa."

"Na'am?"

"Damisa a rumfar baya. Ina cikin ɗakin fenti."

Ya ji ƙarar kujera, ya ji an rufe ƙofa. Da ta sake magana muryarta ta canza, ta zama ta aiki.

"Ta taɓa ka?"

"A'a."

"Ƙofa a rufe take? To ka tsaya a tsaye, kada ka tsuguna. Ka yi magana a hankali. Baba, ka tabbata ba muzurun daji ba ne?"

"Ta ɗora Guduma a kan rufi."

"Ita ce. Haka suke yi, suna hawa da abin da suka kama sama don kada wani ya ƙwace. Ga mu nan zuwa, amma muna da nisa, sai mun ɗauko mota da allurar barci. Baba, ji nan. Ba cin ka take son yi ba. Da ta so, da ba ka ma gan ta ba. Gurnanin da ta yi, ce maka take ka matsa."

"In matsa ina? Tana kan hanya."

"Na sani. Ka zauna inda kake."

Ya leƙa ta tsagar katako. Tarin katakon wayam. Bai ji saukarta ba, ko ƙwas. Dabba mai wannan girma ta sauko daga sama a kan busasshen katako da ke kuka in kyanwa ta taka, amma bai ji komai ba. Ya gaya wa Auta.

"Tafin ƙafarsu kamar matashi yake, kuma faratan a ciki suke sai in za su yi amfani da su. Kada ka dogara da kunne."

Wata inuwa ta tare hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa. Ya ji numfashi, huu, huu, garin katako ya tashi a ƙasa ya sauka a kan yatsun ƙafarsa. Ya manne da bangon baya har gwangwanayen fenti suka gogi juna.

"Tana bakin ƙofa," ya raɗa.

"Bakin ƙofarka?" Ya ji mamaki a muryarta, kuma wannan ya fi komai tsorata shi. "Bai kamata ba. Kamata ya yi ta nemi nesa da kai."

Sai ya tuna da matarsa.

"Auta, mamarki. Yanzu za ta kawo abinci. Ta ƙofar lungu."

"Innalillahi. Bari in kira ta."

"Wayarta na kan firij kullum. Kira mai wanki."

Ta kashe. Ya rage shi kaɗai da numfashin da ke ƙasan ƙofa. Zufa ta shiga idonsa, bai iya ɗaga hannu ya share ba. Kwanon rufi ya ɗau zafi, warin fenti da na mushe suka haɗu suka cika ɗakin. Yana ta kasa kunne ga ƙofar lungu, yana jiran ƙarar mukullin da ya sani, da yadda take turo ƙofa da kafaɗa tana cewa ya zo ya karɓa kafin ya huce. Ya shirya a ransa cewa in ya ji mukullin zai buɗe tasa ƙofar ya yi ihu, dabbar ta juyo kansa. Ya shirya, amma bai san ko ƙafafunsa za su yarda ba.

Can ya ji muryar mai wanki daga lungu, yana kururuwa kamar gobara ta tashi. "Mama, tsaya! Kada ki buɗe! Jama'a, damisa! Damisa ta kama Baba Kafinta!" Ya ji kular abinci ta faɗi, murfinta na ta gangarawa.

Ya sauke ajiyar zuciya. A cikin wannan shirun ne ya ji wani ɗan kuka, siriri, kamar na ƙyauren da ke son mai. Ba daga waje ba. Daga bayan ƙafarsa.

Ya juya kai a hankali. A tsakanin buhun tsumma da gwangwanin gam, wani abu mai gashi toka-toka yana motsi. Bai fi ɗan kyanwa mai ƙiba ba, kai babba, kunnuwa ƙanana, ɗigon jikinsa a cukuɗe, idanu shuɗi-shuɗi kamar an zuba musu ruwa. Ya buɗe baki ya sake kuka. Daga waje uwar ta amsa da wani sauti mai taushi, sannan farata suka karci ƙasan ƙofa.

Wayar ta yi rawa a hannunsa, saura kaɗan ya yar.

"An tare Mama, muna kan hanya," in ji Auta.

"Ɗanta na nan ciki tare da ni."

"Me?"

"Ɗan damisa. Yana bayan ƙafata."

Ya ji ta gaya wa wani a mota, ya ji namiji ya ce subhanallahi, mota ta ƙara gudu.

"Shi ya sa," ta ce. "Baba, uwa ce. Suna canza wa 'ya'ya maɓoya lokaci-lokaci. Ka ji wani kuka a kwanakin nan, kamar ana yanka katako?"

"Mai wanki ya ji."

"Namiji ne ke yawo a tudun nan yana shelar wurinsa. In ya samu 'ya'yan da ba nasa ba kashe su yake yi. Masu fasa dutse kuma sun cinye kogunan da za ta ɓuya. Ta samu wuri mai duhu, mai shiru, ta kawo su. Yanzu kai ne tsakaninta da ɗanta. Ba za ta bar ƙofar nan ba."

A waje hayaniya ta fara taruwa. Ya ji ƙafafu, ya ji muryoyin da ya sani da waɗanda bai sani ba, wani na cewa a kawo fetur, wani na cewa a kawo karnuka. Dutse ya sauka a kan kwano, ƙarar ta cika rumfar kamar harbi. Wani ya biyo. Aka fara dukan ƙofar gaba ta rumfar da ƙarfe.

Damisar ta yi wani tari mai ƙarfi, gajere, ta daki ƙofar ɗan ɗakin da dukan jikinta. Bangon gaba ɗaya ya girgiza. Ƙusa ɗaya ta sakatar ta fito rabi.

"Auta! Za su kashe ni!"

"Wa ke jifa? Wayyo Allah, taron nan shi ne haɗarin. In ta ga an kewaye ta, duk wanda ke kusa za ta afka wa. Baba, dole ka mayar mata da ɗan. Ta ina ya shigo?"

"Ta ƙasan ƙofa."

"Ka tura shi ta nan. Da dogon abu, ba da hannu ba. Ka ji ni? Ba da hannu ba."

Katakon maɗacin da ya shigo da shi na jingine. Ya sa wayar a aljihun riga, ya ɗauka, ya kai bakinsa bayan ɗan damisar ya tura. Abin ya yi fushi, ya hura hanci kamar babba, ya kafa 'yan faratansa a buhun tsumma ya ƙi saki. Ya sake turawa, buhun ya biyo shi ya toshe hanya. Wani dutse ya sauka. Ƙofar ta sake shan duka, katakon ya tsage daga ƙasa har tsakiya, ta tsagar ya ga ido guda, ruwan ɗorawa, da kunne a kwance lif da kai.

Ya yar da katakon. Ya durƙusa, ya kama fatar wuyan ɗan, ya ɓamɓare shi daga buhu. Ɗumi gare shi, ba nauyi, kuma da ya ɗaga shi sai ya yi laƙwas ya naɗe ƙafafu. Ya ajiye shi a bakin ratar, ya tura da tafin hannu.

Bai ga zuwan hannun damisar ba. Ya dai ji an fizge shi gaba har goshinsa ya bugi ƙofa, sannan aka sake shi. Ya koma baya da gindi cikin gwangwanaye. Hannun rigarsa ya rabe daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, naman ya buɗe layi uku, fari tukuna, sannan jini ya cika su. Zafin bai zo ba sai daga baya.

Ƙasan ƙofa ya yi haske. Ɗan ba ya nan, inuwar ma ba ta nan.

"Baba! Baba, yi magana!" Muryar na fitowa daga aljihunsa.

"Ta karɓa," ya ce. "Ta yage ni."

"A ina? Jinin na tsartuwa ne ko zuba yake?"

"Hannu. Zuba."

"Ɗaure da tsumma mai tsabta, ka matse, ka ɗaga sama."

Babu mai tsabta. Ya cire hularsa ya danna a kai, ya naɗe da igiyar awo da haƙori. Ta tsagar ƙofa ya hango damisar tana hawa tarin katako da ɗan a baki, yana reto. Ta shige wani rami tsakanin katako da katanga, ta juyo, ta kwanta ta toshe bakin ramin da jikinta, fuskarta na kallon ƙofar gaba inda ake duka.

Sai wata murya ta tashi sama da duk hayaniyar. Shekara talatin da wani abu yana jin muryar nan, bai taɓa jin ta haka ba.

"Duk wanda ya sake jefa dutse, wallahi da ni zai yi! Mijina ne a ciki, ba naku ba! Kai mai ƙarfen nan, ajiye shi! Na san uwarka, ajiye shi na ce! Ku ja baya, ku tsallaka titi. Mai wanki, tunda bakinka ya tara su, bakinka ya kore su."

Dukan ya tsaya. Hayaniyar ta ja baya kaɗan-kaɗan, ta zama gunaguni. Kafinta ya jingina kai da bango. Ya ji matarsa ta matso jikin katanga ta waje, daidai inda ta san ɗan ɗakin yake.

"Malam," ta ce a hankali. "Kana ji na?"

"Ina ji."

"To ka yi ta ji na. Kada ka kuskura ka yi barci." Ta kama ba shi labarin maƙwabciyarsu da ta sayi injin wanki ya cinye mata zane, tana yi tana tsayawa ta ce, "Ka ji?" shi kuma ya ce, "Na ji."

Rana ta karkata kafin motar ta iso. Ba su shigo ta ƙofa ba. Wani ma'aikaci ya hau tsani ta waje, ya zura bindigar allura ta tsakanin katanga da rufi. Kafinta ya ji fut, ya ji damisar ta yi ruri ta zabura, katako ya zube. Auta na waya tana cewa kada ya motsa, maganin ba nan take yake kamawa ba, yanzu ne ta fi haɗari. Ya ji damisar tana kai da komo, tana bugun abubuwa, sau ɗaya ta gogi bangonsa. Sannan tafiyar ta yi nauyi, ta fara jan ƙafa, ta yi shiru.

Da Auta ta ƙwanƙwasa, ya kasa zare sakatar. Sai da ta sa ƙafa ta ƙarasa ƙusoshin.

Suka fito da shi ta gefen damisar. An rufe mata ido da ƙyalle, harshenta a waje, cikinta na hawa da sauka, nonuwanta a kumbure. Ya tsaya yana kallo. A ɗakin ya ɗauka ta kai saniya, ashe tsawonta bai wuce bencin aikinsa ba, kuma haƙarƙarinta duk a waje. 'Ya'ya biyu aka zaro daga ramin, aka sa a kwando.

A asibiti wankin ciwon ya fi yagar zafi. Auta ta tsaya a kan ma'aikaciyar jinya tana cewa a wanke sosai, a bar shi a buɗe tukuna, don ƙarƙashin faratansu ruɓaɓɓen nama ne, shi ke kashe mutum ba yagar ba. Sannan ta juyo kan ubanta, idonta ja.

"Na ce maka ba da hannu ba."

"Kin ce."

Ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta kifa fuska a kafaɗarsa ta fashe da kuka, uwar na bubbuga bayanta. Bayan ta share ido ta bi motar, don a ranar za su kai damisar da 'ya'yanta daji mai nisa.

Washegari da hantsi ta kira. Matarsa ta riƙe masa wayar a kunne, don hannunsa a naɗe yake.

"Ta farfaɗo, Baba. Mun buɗe mata."

"Wanda na taɓa fa? An ce in mutum ya taɓa, uwar ba ta karɓa."

"Ta shinshina shi, ta lashe shi tas kamar tana jin haushi, ta ɗauke shi. Shi ta fara ɗauka ma."

Kafinta ya dubi ƙofar ɗakin asibitin da wani ya bari a buɗe.

"Uwar yara," ya ce, "taimaka ki rufe ƙofar nan."

Ta tashi ta rufe, ta dawo ta zauna a bakin gado.